Ƙarar Injin Mota da Sanyin Safiya: A Saurara Kafin a Taka Totur

Sharhinmu na yau na masu mota ne, maza da mata, da direbobin gida da na haya, da kuma 'yan'uwanmu kanikawa waɗanda abincinsu ke cikin gareji.

Hunturu ya kankama a Sakkwato. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu, shi ne daga Disamba zuwa farkon Fabrairu ake wayar gari cikinsa da sanyin da kan sauko kusa da digiri 15, ga hazo, ga ƙura. Duk wanda ya tsaya a Gawon Nama da misalin ƙarfe bakwai na safe zai ga motoci na ta kwararowa: ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu sauri su karɓi aiki, iyaye masu kai yara makaranta, 'yan kasuwa masu sammako. Kowace mota daga cikinsu ta kwana a sanyi, kuma da yawa daga cikin masu motocin sun ji wani abu sa'ad da suka murɗa makulli: wata 'yar ƙara, tak-tak-tak, daga cikin inji. Wani hankalinsa ya tashi, ya ɗauka inji ya tafi. Wani kuma ya saba da ita har ya daina jin ta. Dukansu biyu suna bukatar bayani, domin ƙarar nan ta safe ita ce bincike mafi araha da mai mota zai taɓa yi wa injinsa. Abin da inji ke ɓoyewa idan ya yi zafi, da sanyin safiya yake bayyana shi.

Bari mu fara da abin da ke faruwa cikin dare. Idan aka kashe mota, baƙin mai yana gangarowa sannu a hankali daga saman inji ya taru a kwanon da ke can ƙasa, wanda kanikawa ke kira botom filet. Kafin gari ya waye, saman inji, inda kamshaf da bawul-bawul suke, ba abin da ya rage masa sai ɗan maiƙo. Ga shi kuma sanyi ya ƙara wa man kauri, kamar yadda man shanu ke daskarewa a ƙwarya da hunturu ya narke da bazara. Da an tayar da mota, famfon mai zai zuƙo shi daga ƙasa, ya tura shi ta cikin filta, ya bi da shi ta siraran hanyoyi har ya kai sama. Wannan tafiya takan ɗauki daƙiƙa ɗaya zuwa uku a lafiyayyen inji. A cikin wannan ɗan taƙin ne ƙarfe ke taɓa ƙarfe, kuma nan ne mafi yawan ƙarar safe take fitowa. Ga kuma wani dalilin: ƙarfe yana tsukewa da sanyi, yana buɗewa da zafi. 'Yar tazarar da ke tsakanin wasu sassa takan fi faɗi da safe.

Saboda haka tambayoyi uku ne mai mota zai yi wa kansa. Tsawon wane lokaci ƙarar take ɗauka? Daga ina take fitowa, sama ko ƙasa, gaba ko gefe? Sannan me zafi yake yi mata, yana kashe ta ko yana ƙara ta? Wanda ya iya amsa waɗannan uku ya yi wa bakanikensa rabin aiki.

Mu ɗauki ƙara ta farko, wadda ta fi yawa. Siririyar ƙara ce daga saman inji, tana zuwa da murɗa makulli, ta ɓace kafin ka ƙirga uku ko biyar. Wannan galibi tafet ne ke jiran mai. Motoci da yawa, ciki har da Golf 3 da 'yan haya suka daɗe suna mora a hanyoyinmu, suna da tafet mai aiki da matsin mai: mai ne ke cika shi ya toshe tazarar da ke tsakaninsa da bawul. Idan man ya tsiyaye cikin dare, sai ya yi ta bugawa har ya sake cika. Muddin jar fitilar mai ta mutu nan take, ƙarar kuma ta tafi da ita, babu abin tayar da hankali. Amma idan a bara daƙiƙa biyu take yi, bana ta koma rabin minti, to akwai magana. Abu na farko da za a duba shi ne yawan man. A zaro gejin, a goge, a mayar, a sake zarowa, mota tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri kafin a tayar da ita. Abu na biyu filta ce. A cikin filtar kirki akwai wata 'yar roba da aikinta shi ne hana mai komawa ƙasa idan an kashe inji. Filtar jabu ko dai ba ta da ita, ko kuma ta ƙandare cikin 'yan makonni. Sau da yawa mutum zai ce ƙarar ta fara ne bayan an yi juye. Idan haka ne, filtar da aka ɗaura ko man da aka zuba su ne abin tuhuma na farko, kuma gyaran ba ya wuce a sake su da nagari.

Ta biyu ita ce tak-tak ɗin da ba ta tafiya, ko inji ya yi zafi tana nan, sai dai ta ɗan lafa. Tana bin gudun inji, amma da rabin saurinsa, domin kamshaf zagaye ɗaya yake yi duk lokacin da karanshaf ya yi biyu. Wannan takan nuna tazarar bawul ta buɗe. Dattawan kanikawa da suka koyi aiki a kan Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, sun san saitin tafet kamar yunwar cikinsu: a buɗe murfin sama, a zura siririn ƙarfen awo, a ɗaure gwargwadon ƙa'ida. Har yau injinan Honda da yawa suna bukatar irin wannan saiti. Sai dai a kula, akwai bakaniken da zai matse tafet fiye da kima don kawai ƙara ta mutu mai mota ya yi murna. Bawul ɗin da aka matse ba ya rufewa sosai, wuta tana bi ta gefensa, a hankali ya ƙone. Tafet mai 'yar ƙara ya fi tafet da aka shaƙe. A yi saitin da awo, inji yana sanyi, bisa lambar da kamfani ya rubuta.

Ta uku ba tak-tak ba ce, ƙarrr ce mai kaushi, ta daƙiƙa ɗaya ko biyu, daga gaban inji wajen da sarƙar taimin cen take. Injinan zamani suna da wani haƙori a kan kamshaf wanda matsin mai ke juya shi, da kuma abin ɗame sarƙa wanda shi ma mai yake jira. Honda Accord mai silinda huɗu ta shekarun 2008 zuwa 2012 ta yi suna da wannan ƙara, har kamfanin ya fitar da takardar bayani ga masu gyaransa a Amurka kan yadda za a canza wannan haƙori. Irin waɗannan motoci sun cika titunanmu, don haka wanda ya ji ƙarar kada ya yarda a ce masa sai an sauke inji gaba ɗaya. Amma kuma kada a yi sake. Idan ƙarar tana ƙara tsawo, ko fitilar gargaɗin inji ta kama, sarƙar na iya zama ta saki, kuma sarƙar da ta tsallake haƙori tana iya haɗa fistin da bawul.

Ta huɗu tana ruɗar mutane ƙwarai, domin kamar tafet take, alhali ba ruwanta da mai. Daga gefen inji take fitowa, inda bututun hayaƙi ya manne da tof silinda. Idan gaskit ɗin wurin ya ƙone, ko ƙusa ta karye, ko manifol ya tsage, hayaƙi zai riƙa tsartuwa ta kafar, tsit-tsit-tsit. Bayan minti biyar ko goma, ƙarfe ya buɗe da zafi, kafar ta toshe, ƙara ta ɓace. Alamarta baƙin toka a gefen wurin da warin hayaƙi idan an ɗaga bonet. Wannan ba ta kashe inji da wuri, amma tana iya cutar da mutum. A cikin hayaƙin mota akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ga shi da hunturu kowa yana rufe gilashi, yara suna baya. A gyara ta da gaggawa, kuma kada a taɓa barin mota tana aiki a cikin rufaffen gareji ko zaure.

Akwai kuma ƙarar da ba cuta ba ce sam. Nozil-nozil masu fesa fetur suna da tasu 'yar ƙyas-ƙyas mai sauri, daidai wa daida, safe da rana. Haka aka ƙera su. Kukan fambel kuwa, wannan tsuwwar mai tsawo da safe, daban take, bel ne ya saki ko ya bushe. Fulogin da bai ɗauru ba shi ma yakan yi tsartuwa. Waɗannan duk ƙananan gyare-gyare ne.

Wadda ake tsoro ita ce ta ƙasa. Ƙara ce mai nauyi, ƙwal-ƙwal-ƙwal, daga cikin cikin inji. A nan ma iri biyu ce. Idan fistin ne ya ɗan yi sako-sako a cikin silinda, za ka ji ta da sanyi, tana raguwa yayin da inji ke ɗumi, kuma tsohon inji na iya shekaru da ita idan ana lallaɓa shi. Amma idan metal ne ya cinye, zafi ba ya kashe ta, ƙara ta yake yi, domin mai yana tsinkewa da zafi. Ka taka totur ta amsa da ƙarfi, wani lokaci jar fitilar mai tana ƙiftawa idan mota tana silo. Masu sauraro, wanda ya ji wannan ya kashe mota a inda yake. Kada ya ce bari in lallaɓa in kai Illela in dawo, kada ya ce bari in sauke yara tukuna. Kuɗin janwe ko na kiran bakanike gida bai kai ko kusa da kuɗin inji ba. Tsakanin canza metal da sayen wani injin, wani lokaci tafiyar kilomita kaɗan ce.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Mai mota ya ji ƙara da ƙarfe bakwai, ya je ofis, ya yi zirga-zirgarsa, sai da azahar ya biya gareji, inji ya yi zafi, ƙara ta ɓace. Ya ce wa bakanike, “Malam, da safe tana wani tak-tak.” Bakanike ya tayar, ya saurara, bai ji komai ba. Daga nan sai lalube. Wani zai ce, “Alhaji, a zuba mata mai kauri, za ta yi shiru.” Bakaniken ƙwarai kuwa cewa zai yi, “Ranka ya daɗe, ka bar mini ita ta kwana nan, gobe da sassafe mu tashe ta tare.”

Na ga yadda irin wannan bakanike yake aiki, kuma abin sha'awa ne. Da safe, hannunsa cikin aljihun rigar sanyi, ya sa yaronsa ya zauna a mazaunin direba, ya ce kada ya kuskura ya taɓa totur. Shi kuma ya ɗauki doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a kan murfin tafet, ya manna ƙotar a kunnensa, bayan ya tattare hannun rigarsa nesa da fanka da bel. Yaro ya murɗa makulli. Ya saurara a gaba, ya matsa tsakiya, ya koma baya, ya sauko gefen manifol, ya duƙa ya kafa ta a ƙasa. Sannan ya kwance murfin zuba mai, ya juya cikinsa ya nuna wa mai motar: baƙin dafgi ya manne, ya daskare, har ana kankare shi da farce. Bai buɗe inji ba, bai sayar da komai ba, amma ya riga ya san hanyoyin mai sun fara toshewa, kuma ya san dalili.

Dalilin shi ne mai. A jikin kowace jarkar baƙin mai akwai lamba, 5W-30, ko 10W-40, ko 20W-50. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ƙaramar lamba ta fi saurin isa saman inji. Ta biyu tana nuna kaurinsa idan inji ya yi zafi. An daɗe da al'ada a garejinmu cewa garinmu akwai zafi, don haka kowace mota 20W-50 za ta sha. Wannan ya dace da su 504 da tsofaffin injinan da aka ƙera da faɗin hanyoyi. Amma Corolla da Camry da Accord na shekarun baya-bayan nan an ƙera su da hanyoyin mai matsattsu, kuma da yawa daga cikinsu an rubuta abin da suke sha a kan murfin zuba man, 5W-30 ko 5W-20, wasu ma 0W-20. Zafin inji mai lafiya yana wajen digiri 90, ko a Sakkwato yake ko a Jamus, domin lagireto da fanka ne ke tsare shi. Mai kauri yana iya danne ƙarar rana, amma da safe shi ne ke makara a hanya, kuma lalacewar da ke ƙarƙashi tana nan tana ci. Wanda ya sayi shiru da kaurin mai bashi ya ci, kuma inji zai biyo shi.

Sai batun jabu. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, riƙon mota ya yi wa talaka da ma'aikaci nauyi, kowa yana neman inda zai rage. Wasu sun koma sayen man awo a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba. Wani ɗanyen mai ne da ba a haɗa masa sinadaran wanke inji da kare ƙarfe ba, wani ma tsohon mai ne aka tace aka sake ɗurawa. Wasu kuma suna ja da juye har wata shida, wata takwas, ana ciko kawai. Mun san halin da ake ciki, ba kuwa don ganganci mutane ke yi ba. Amma araha ba ta ado. A garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, ga gajerun tafiye-tafiye daga Gawon Nama zuwa Runjin Sambo ko Mabera waɗanda mai ba ya ko gama ɗumi, juye a wajen kilomita 5,000 shi ne kwanciyar hankali ga mai amfani da man gama-gari. Wanda motarsa ta fito daga Amurka ya lura, agogonta da mil yake ƙirga, kuma mil 3,000 ne ke kusan kilomita 5,000. A duba filtar iska ma, domin ƙurar da ta wuce ta a cikin mai take ƙarewa. Injin da dafgi ya riga ya kama kuwa, kada a ɗura masa kananzir ko gas a tayar da sunan wanki. Dattin da ya ɓamɓaro gaba ɗaya yana iya toshe rariyar famfon mai. Gara a kwance botom filet a wanke da hannu, sannan a riƙa juye akai-akai da mai nagari.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu bari. Mutum ya tayar da mota da asuba, nan take ya hau taka totur, vum-vum, wai yana ɗumama ta. A daidai lokacin da saman inji ba shi da mai, a lokacin ne ake tilasta masa gudu. Motar zamani da kanta take ɗaga silo da sanyi, ta sauke shi idan ta ɗumama. Abin da take bukata shi ne rabin minti zuwa minti ɗaya, fitilar mai ta mutu, sauti ya daidaita, sannan a ja ta a hankali na 'yan mintoci. Barin ta tana aiki a tsaye minti ashirin ma asarar fetur ce, inji ya fi saurin ɗumi idan yana tafiya.

Ga mai shirin sayen mota 'yar Kwatano ko ta hannu, wannan ilimi kuɗi ne. Ka je da safe, ka ɗora tafin hannunka a kan bonet kafin a tayar. Idan ka ji ɗumi, ka ce za ka dawo gobe, kuma kada a tashe ta sai ka zo. Dillalin da ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba.

Kira na ƙarshe ga ɓangarori uku ne. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, da hukumar da ke sa ido kan harkar man fetur da dangoginsa, su matsa bincike kan jabun mai da jabun filta a kasuwanninmu, domin mai saye ba shi da na'urar gwaji, jarka kawai yake gani. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da shugabannin gareji su riƙa zaunar da yaransu suna koya musu karanta lambar mai da sauraron inji, kamar yadda ake koya musu riƙon sifana. Amanar dukiyar mutane ce a hannunsu, wani motar nan ita ce jarinsa kaf, da ita yake ciyar da gida. Masu mota kuma su taimaki bakanike da bayani. Kusan kowa yana da waya a aljihu: ka ɗaga bonet da safe, ka sa wani ya tayar, ka ɗauki sautin tun daga murɗa makulli, ka lura da daƙiƙa nawa ya yi, da ranar da aka yi juye na ƙarshe, da irin man da aka zuba. Idan aka ce maka sai an sauke inji alhali ƙarar daƙiƙa uku ce, ka nemi a auna matsin mai da geji, ka kuma ji ta bakin wani bakaniken. Idan kuwa ta ƙasa ce mai ƙaruwa da zafi, ka ajiye makulli, domin Hausawa sun ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

A nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a abin hawanmu da sana'o'inmu.